Nauyin Ruwa a Bayan A-kori-kura

Zuwa ga ɗiyata Mai Kifi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ummanki da jiki, da fatan kumburin ƙafar nan ya sace. Mu nan lafiya lau, in ban da kunnen nan nawa da ƙarar injuna ta cinye. Ki ce wa yayanki ya daina kirana a waya. Yana magana ina cewa "to, to", ya kashe ban san abin da na amince da shi ba. Takarda ta fi mini, ga direban bas ɗin da ke bi ta wajenku yana kai mini saƙo.

Abin da na iya tsinta a wayar shi ne kin samu mai sayen 'ya'yan kifinki a wata gona mai nisa, kuma kuna so ku ba dillali tsohuwar a-kori-kurar gidanku mai silinda shida, ya ba ku ƙarama mai silinda huɗu, don mai ya yi tsada. To ki saurara, domin a nan kusan kowa yake ruɗewa. Duk shekara sai na tambayi sababbin ɗalibaina a ajin kanikanci: babban inji da ƙarami, wanne ya fi shan mai? Duk su ɗaga hannu su ce babba. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabi ce.

Ki ɗauki ƙaton mutum da siririn saurayi. In suna yawo hannu sake, ƙaton ya fi ci, jikinsa ne babba. Amma ki aza wa kowannensu buhu ki nuna musu bene. Ƙaton zai hau yana hira. Saurayin zai hau yana haki, ya sauko ya cinye abincin mutum biyu. Haka inji yake. Abin da yake sha ya danganta da abin da aka sa shi ya ja, da hanyar, da ƙafar da ke kan totur. Lambar da dillali zai nuna miki a takardar mota kuwa, an samo ta ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mota wayam, ba rami ba tudu.

Idan kaya ba nauyi, hanya kuma a miƙe, ƙaramin inji ya fi tsimi, wannan ko ni ba na musu. Yayanki ya ce kifin ba su wuce tsawon yatsa ba, to mai yiwuwa ƙaramar ta ishe ku. Amma kada ki yarda da ni, kada ki yarda da dillali. Ki roƙe shi aron motar. Ki cika tanki har wuya, ki duba lambar kilomita a gaban sitiyari, ki ɗora kayan da za ki riƙa ɗauka, ki yi tafiya mai ɗan tsawo, ki dawo famfon da kika fara sha ki sake cikawa. Ki raba kilomitan da kika yi da litar da ta shiga. Wannan lambar ita ce gaskiyar motar.

Na yi murna ƙwarai da wannan ciniki naki. Innarku tana gaishe ku.

Kawunki.

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Muna gaishe ka da Inna. Ƙafar Umma da sauƙi, har ta fara taka tsakar gida tana yi mana faɗa, alamar lafiya ke nan. Ta ce in gaya maka kunnen naka tun kuna yara yake zaɓen abin da zai ji.

Kawu, an gama! Takardarka tana zuwa Yaya ya karanta ta da ƙarfi, da ya kai wajen da ka ce ƙaramin inji ya fi tsimi sai ya tsaya ya ce, "Kin ji ko? Malamin injuna da kansa." Amma na dage sai mun yi gwajin da ka ce. Mun ɗora tankunan kifin guda biyu a baya, kowanne mai cin lita ɗari huɗu, ba mu dai zuba ruwa ba don kada mu yi ta ɓarinsa a titi a banza. Muka zaga babban titi muka dawo. Kilomita goma sha biyu a lita ɗaya! Tsohuwar tamu da ƙyar take ba mu bakwai. A ranar muka kai wa dillali ita. Umma ta leƙa ta taga ana fita da ita, ta ce gidan ya rage ƙara.

Maganar nauyi kuwa kada ka damu. Karfasa ne ƙanana, in ka tsame su duka ka auna ba za su kai buhun siminti ɗaya ba.

Asabar mai zuwa za mu tashi da sassafe. Hanyar tana da kyau har mararraba, inda gidan mai na ƙarshe yake. Daga nan sai tuddai da jar ƙasa, kilomita ɗari da saba'in ba famfo ko ɗaya, har gonar. Mun yi wa tankunan rumfar tamfol mai tsayi saboda rana. Injin hura musu iska kuma mun jona shi da batirin motar, don haka ko mun tsaya ba za mu kashe ta ba, ka san karfasa ba ta da haƙurin tarwaɗa, iska na yankewa take juya ciki.

Ba na iya barci sosai, Kawu. Ina tashi in je in leƙa su. Mai gonar mace ce mai tafkuna da yawa, an ce ba ta ba mutum dama sau biyu. In suka isa da rai, ni zan riƙa kai mata. Ka sa mu a addu'a.

Ɗiyarka.

Ɗiyata,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya, Allah ƙara wa Ummanki sauƙi. Ina rubutu ne a tsaye a bakin aji, don bas ɗin zai tashi.

Kada ku kama hanya da lissafin nan! Ba kifi za ki ɗauka ba, ruwa za ki ɗauka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tankunanki biyu kilo ɗari takwas ke nan, buhun siminti goma sha shida, ban da ku biyu da sauran tarkace. Wannan ko ɗan aji ɗaya a makarantarmu ya sani. Ni da na ji "tsawon yatsa" na ɗauka jarkoki biyu ne ko uku. Gwajin da kuka yi na mota ce mai yawo hannu sake, ba ita za ta hau tuddan nan ba.

Da wannan nauyi ƙaramar za ta yi ta kuka a ƙaramar giya, ƙafa a danne, kuma a nan take zuƙar mai. Kada ki yi mamaki in sha biyun nan ta dawo shida. Rumfar tamfol za ta tare iska kamar kin ɗaura wa motar bango. Duk tsayawar da za ku yi inji a kunne, mai yana tafiya kilomita ba ta ƙaruwa. Kuma wa ya duba girman tankin man ita ƙaramar? Na tsohuwarku babba ne, shi ya sa take shanyewa amma take isa. Sannan wa zai tuƙa? In Sarkin Totur ne, yayan nan naki da yake tashi daga danja kamar an biyo shi, to ki ƙara wani kason.

Ki cika tankunan da ruwa ki sake gwaji a hanya mai tudu. In lokaci ya ƙure, to ku yi abu biyu: ku riƙe jarkar mai cike, kuma ko allurar mai tana nuna me, kada ku wuce gidan man mararraba ba ku cika ba. Ko layi ya kai ina, ku tsaya.

Ki aiko mini da amsa ta hannun direban nan, ko layi ɗaya ne.

Kawunki.

Ɗiyata Mai Kifi,

Ina gaishe ku duka. Mu lafiya, sai dai Innarku ta ce in ban daina zagaye tsakar gida ba za ta ba ni tsintsiya in yi da dalili.

Asabar ta wuce, wata ma ta wuce, shiru. Na je tasha, aka ce bas ɗin yana gareji, direban kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Na sa wani malami ya kira yayanki, wayar a kashe. Jiya ina tsakiyar darasin birki sai na ga na cika allo da lissafin hanyarku, ɗalibai suna kwafa ba su san na mene ne ba.

Ko maganar ɗan aji ɗaya ce ta ɓata miki rai? In ita ce, ki yi fushinki amma ki rubuto. Gaggawa ce ta sa alƙalamin ya yi kaifi. Ke da kika iya sa kifi ya yi ƙwai a cikin baho, ba ni zan raina karatunki ba.

Abu ɗaya nake so in sani: sun isa?

Na ba wani mai lodin katako wannan takarda, ya yi alkawari hannu da hannu.

Kawunki.

Kawu,

Muna gaishe ka da Inna. Umma lafiya. Ni ma lafiya, kafaɗuna ne kawai har yanzu ba sa ɗaguwa sosai, za ka ji dalili.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon a ƙarƙashin kujerar bas aka tsinto ta a gareji, duk baƙin mai. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida, komai ya riga ya faru. Wayar Yaya kuwa a tankin kifi ta faɗa.

Tun muna fita gari na ji motar ta canza murya. Da muka iso mararraba, layin gidan man ya fito har bakin titi, rana ta ɗaga. Na sa hannu a ruwan, ya fara ɗumi. Allura tana kan rabi. Yaya ya ce, "Rabin tankin nan lita ashirin da biyar ne. Sau sha biyu nawa ke nan, 'yar boko?" Na ce ɗari uku. Ya ce, "To mu tsaya mu dafa kifin a layi?" Ni na ce mu wuce, Kawu. Da bakina.

A tudun farko ta koma giya ta biyu tana ihu, ruwan yana bugun tanki gaba da baya, Yaya ya manna ƙafa a ƙasa yana lallashinta, "Haba 'yar ƙarama, kada ki ba ni kunya." Can gaba muka tarar da babbar mota ta kafe ta tare hanya. Muka daɗe a tsaye, inji a kunne saboda iskar kifin. Daga nan na daina kallon hanya, allurar nake kallo. Sauka take kamar an huda tankin. Na ce, "Yaya, ɗaga ƙafar mana." Ya ce in ya ɗaga za ta tsaya. Jar wutar ƙarewar mai ta kama. Muka ci gaba a haka har motar ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar wani hawa, saura kamar kilomita ashirin.

Yaya ya tare wani mai babur ya tafi neman mai a gonar. Ni kaɗai da tankuna biyu. Batirin ya riƙe injin iskar na ɗan lokaci, sai kumfar ta fara sirancewa, sai ta tsaya. Kifin suka taso sama suna buɗe baki. Na hau bayan motar da bokiti, in ɗebo in ɗaga sama in kwararo, don ruwan ya sha iska. Wannan tanki, wancan tanki, wannan, wancan. Da hannuwana suka fara gazawa na ga in na ci gaba da raba ƙarfina duka biyun zan rasa. Sai na tsaya a kan tankin gaba, na juya wa na bayan baya. Ina jin su suna ɗan fantsama a bayana, ban waiga ba.

Da Yaya ya dawo da man, batirin ya ƙi tayar da ita, sai da ya bar ta ta gangara da baya ya saki kuloci.

Mai gonar ta leƙa tankin gaba ta gyaɗa kai. Ta leƙa na baya, fari fat da cikin kifi. Yaya ya fara ba ta labarin layi da babbar mota, ta ɗaga masa hannu. Ta ce da ni, "'Yan mata, kifi nake saye, ba labari ba." Sai ta kalli rigata a jiƙe, ta ce in ƙananan da suka rage mini a gida sun isa ɗauka in cike mata ragowar. In suka zo kamar waɗannan, kada in sake tako gonarta.

Mun koma wajen dillali, ashe ya riga ya sayar da tsohuwar. Yaya ya ce kai ka ce ƙarami ya fi tsimi, har ya nuna mini layin da ya ja a ƙarƙashin jimlar. Na nuna masa farkonta da bai ja wa layi ba. Maganar ɗan aji ɗaya kuwa, na ji haushi, amma kaɗan.

Yanzu ƙaramar ce kawai gare ni, kuma tafiya ɗaya ta rage mini. Me zan yi?

Ɗiyarka.

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi da kuna lafiya. Na karanta wa Innarku wajen bokitin, ta tashi ta shiga ɗaki. Ki shafa wa kafaɗun man zafi. Tanki ɗaya da kika ceto da hannunki shi ya saya miki tafiya ta biyu, kada ki manta da wannan.

Ki bar kukan tsohuwar. Ƙaramar ba ta yaudare ku ba, tambayar da ba ita ba kuka yi mata. Yanzu ki yi mata ta gaskiya. Ki cika tankunan da ruwa har baki, don cikakken tanki ba ya bugu kamar rabi. Ki sa a ƙara wa tayoyin baya iska daidai da lodi. Ki sauke rumfar ta kwanta a kan tankunan. Ki nemi hanya mai tudu kusa da ku, ki auna sau biyu: sau ɗaya yayanki a sitiyari, sau ɗaya ke. In ke ce, ki ɗauko gudu tun kafin hawa, ki sauya giya da wuri kafin ta shaƙe, ki riƙe totur wuri ɗaya, kada ki yi tsere da kowa. Lambar da ta fi muni a cikin biyun, da ita za ki yi lissafin hanya, sannan ki ƙara jarka.

Injin iskar kuma ki ba shi batirinsa daban. Ran nan numfashin kifinki da tankin mai, da igiya ɗaya kuka ɗaure su, shi ya sa layi ya ba ki tsoro.

Ki gaya wa Sarkin Totur ina gaishe shi, kuma jimla daga farkonta ake karanta ta. Ina nan ina leƙen tasha.

Kawunki.

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Kowa lafiya, kafaɗu sun warke. Ka zauna ka daina zagaye, sun isa.

Mun yi gwajin da ruwa cike. Yaya ya samu shida a lita. Ni na samu takwas da ɗan ɗori. Ya ce famfon gidan man ne ya cuce shi, muka sake, ya samu shida. Tun daga nan bai sake maganar famfo ba.

Ranar tafiyar ni na tuƙa. A mararraba layin ya fi na wancan karon, na shiga na kashe mota, injin iskar yana ta aikinsa a kan nasa batirin. Yaya yana ta tsaki yana duba rana, na ce ya sauka ya taɓa ruwan in zai samu natsuwa. A tuddan kuwa har masu keke sun kusa wuce mu, ya ce, "Mai Kifi, kafin mu kai sun girma sun yi ƙwai." Ban kula shi ba, ina ta duba allurar. Muka wuce hawan nan da ta mutu lafiya lau. Ko jarkar ba mu buɗe ba.

Mai gonar ta leƙa tankin gaba, ta leƙa na baya. Waɗanda suka juya ciki ba su cika tafin hannuna ba. Ba ta yabe ni ba. Cewa ta yi, "Tafkuna biyu zan yashe wata mai zuwa in zuba sababbin kifi. Za ki iya?" Na ce zan iya. Da muka juyo wayam, ƙaramar ta koma sha biyunta har gida.

Gardama ɗaya ta rage. Yaya ya rantse da tsohuwar ce, da wannan lodin, da ta fi ƙaramar tsimi a tuddan. Ni na ce zai yi wuya ta kai takwas ɗina. Ba mu da ita balle mu auna, amma Umma ta ce makarantarku tana da mai silinda shida da kuke ɗauko ƙarafa da ita. Durom huɗu na ruwa daidai yake da tankunana. Ka ɗora mata, ka nemi tudu, ka sa kowane ɗalibi ya faɗi lambar da yake zato kafin a tashi. Ka ba wanda ya fi kowa gaggawa a ajin ya fara tuƙawa, sannan kai ka karɓa. Ka gwada da kanka, Kawu, ka aiko mana da abin da ka samu, don Yaya ya ce ba zai yarda da lambar kowa ba sai taka.

Ɗiyarka, Mai Kifi.